Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ashe Taurin Jikin Auta Iri Biyu Ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya inda hoton ƙwaƙwalwa na MRI ya fito, aka tabbatar mana Auta tana da lalurar da likitoci ke kira serebural falsi, wato raunin da ƙwaƙwalwa ta samu tun tana jaririya, ya taɓa motsin jikinta. Kun tuna bakwaini na haife ta, kuma shawara ta kama ta a satin farko.

Tana da shekara 2 da rabi aka tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwar yara. Ni dai abu ɗaya na je nema: maganin da zai sassauta mata jiki. Ƙafafunta harɗewa suke kamar almakashi, in na zo sa mata wando sai na yi gumi, in aka tsayar da ita kuwa a kan 'yan yatsu take tsayawa.

Likitan bai yi gaggawar rubuta magani ba. Ya kwantar da ita, ya kama tafin ƙafarta ya lanƙwasa a hankali, ƙafar ta bi shi. Ya sake lanƙwasawa da sauri, sai ta cije a tsakiya kamar an taka birki.

"Maman Auta, kin gani?" in ji shi. "Wannan shi ne sifastisiti. Gwargwadon saurin da kika ja tsokar, gwargwadon turjewarta. Kusan yara 8 cikin 10 masu wannan lalura irinsa gare su."

Daga nan ya miƙa mata bironsa. Baiwar Allah ta so ta karɓa, amma hannun ya murɗe ya koma baya, yatsun suka wawware, baki ya karkace. Ya tambaye ni yadda hannun yake in tana barci. Na ce lagwas, kamar ba nata ba. In tana murna ko kuka fa? Na ce nan ne ya fi murɗewa. Ya ce to wannan distoniya ce, ba taurin da ke ƙafa ba ne. Tana fitowa ne daga wani sashe can cikin ƙwaƙwalwa wanda shawara mai tsanani kan yi wa illa, kuma niyyar motsi ita ke tayar da ita. Wallahi a wurin hawaye suka zubo mini. Sau nawa na yi mata faɗa ina cewa ta saki hannu, ashe ƙoƙarin da take yi na bin maganata shi ke ƙara murɗe shi.

Ya ce matakan motsi na yara masu wannan lalura 5 ne, ita tana na 3: ana sa ran za ta yi tafiya da abin dogarawa. Sannan ya yi mini tambayar da har yau nake jinjina masa a kanta: "Me kike so ta iya nan da wata 6?" Na ce ta dafa kujera ta tsaya, tafin ƙafarta a ƙasa.

Aka fara mata baklofen, wani maganin sassauta tsoka, kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali. Satin farko na ji daɗi, wanka da sa kaya suka yi sauƙi. Da aka ƙara, sai yawan barci, miyau na dalala, kuma in na tsayar da ita gwiwoyin su lanƙwashe ta sulale. Yarinyar da take tsayawa ko da a kan yatsu ne, ta daina. Abbansu ya ce a watsar da maganin a daren nan. Allah ya sa na fara kiran likitar fisiyo, mai kula da atisayen motsa jiki, ta ce kul, ba a yanke baklofen lokaci guda, yana iya jawo jijjiga da tauri fiye da na da. Ita ce ta fahimtar da ni cewa a ƙarƙashin taurin nan akwai raunin tsoka, kuma wani ɓangare na taurin da na tsana shi Auta ke dogara da shi ta tsaya.

Muka koma, aka rage shi daki-daki. Likita ya ce tunda matsalar ta fi yawa a tsokoki kaɗan, gara allurar Botox, mai sassauta tsokar da aka yi wa kawai, a sha-raɓa da cikin cinyoyi, maimakon maganin da zai saki jiki gaba ɗaya. Ya gargaɗe ni cewa aikinta wata 3 zuwa 4 ne, ba warkarwa take ba, dama ce take buɗewa a yi atisaye a kuma saba da takalmin roba mai riƙe idon sawu. Maganin distoniya kuwa ya ce a dakata, kada a haɗa sababbin abubuwa biyu mu kasa sanin wanne ya yi aiki.

Sati 5 bayan allurar, ina ninke kaya, na waiga na ga Auta ta dafa kujera, dugaduganta biyu a ƙasa, tana kallona tana dariya. Ban iya kiran kowa ba, a nan na durƙusa.

Da muka koma asibiti da wannan albishir, likita ya taya mu murna, sannan ya ce lokaci ya yi da za a ɗauki hoton ƙugunta, domin taurin cinya kan janye kan ƙashi daga mazauninsa a hankali ba tare da an lura ba. Abin da hoton ya nuna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.