Jan biro

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gidanmu a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Gana, ɗan ƙanwata ya zo ya zauna a gefen bencin yana danna waya yana tsaki. Tsaki na ɗaya na ƙyale, na biyu na ƙyale, a na uku na tambaye shi ko wayar ce ta ƙi ko cikinsa ne. Ya ce, "Kawu, matar nan ta yi kuskure."

Na san matar da yake nufi, a bakinsa na san ta. Shekara uku ke nan da wuya a yi kwana biyu bai karanto mana wani abu da ta rubuta ba. 'Yar Aboabo ce a Kumasi, kuma ba manyan maganganu take yi ba: uwarta mai sayar da goro, rigimar layin famfo, shirmen 'ya'yanta. Ranar da ta yi rubutu a kan rasuwar kakarta, yaron nan ɗaki ya shiga ya rufe ƙofa, ya fito ido jajur yana ce mana mura ce.

Wannan karon labarin mahaifinta ta bayar, ranar da ya kai ta filin wasa na Kumasi kallon wasan ƙarshe na kofin ƙwallon Konfedereshan na Afirka tsakanin Kotoko ta Kumasi da Hearts ta Accra. Hearts ta ɗauke kofin a bugun fenariti, uban ya saɓo ta a kafaɗa har gida bai ce uffan ba, kuma ba su sake kallon ƙwallo tare ba har ya bar duniya. Ta ce a 2004 aka yi. To kofin na 2004 ne, amma a Janairun 2005 aka buga wasan. Wannan shi ne kuskuren da ya hana ɗan ƙanwata sakat, har ya riga ya rubuta mata saƙo, saura ya tura. Yaron da lokacin da aka buga wasan yana goye a bayan uwarsa.

Na ce, "Ka taɓa yi mata magana?" Ya ce a'a. Na ce, "Ko sannu da aiki?" Ya ce, "Kawu, ai mutane da yawa suna gaya mata."

Na karɓe wayar na sa a aljihun rigata. Ya ɗauka wasa nake yi.

Wajen 1993 na fara ganin wata takarda. Ganye ɗaya ce, gaba da baya: gaba boko da tafireta, baya ajami da hannu, don tsofaffin da ba sa karanta boko. Duk Juma'a za ka same ta a tire ɗaya da turare da aswaki a bakin masallaci, abin da ya rage kuma a bar shi wurin mai shayin lungunmu. Mai rubuta ta wani dattijo ne tela, shagonsa yana can ta wajen Mamobi. Ba wa'azi yake yi ba, ba siyasa ba. Abin da idonsa ya gani a mako shi yake rubutawa, in makon bai ba shi komai ba ya koma baya ya tono.

Akwai wadda ya yi a kan mabuɗi, har yau ina iya kawo rabinta da ka. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasa. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya a lokacin, abin da na riƙe kawai shi ne manyan motoci da gadaje da tukwane jibge a bakin hanya ana sayarwa da araha. Shi kuwa sai ya ɗauki abu ɗaya: wani maƙwabcinsu ya kulle ɗakinsa ya ba uwar telan mabuɗin, ya ce ta riƙe masa zai dawo bayan Salla. Mai gida ya ɓalle kwaɗon cikin wata guda ya zuba wasu 'yan haya. Amma tsohuwar ta rataye mabuɗin a ƙusa, duk shekara in ana sharar Salla sai ta sauke ta goge ta mayar. Da ta rasu, shi ya gaji ƙusar da mabuɗin. Bai ce kora zalunci ce ba, bai zagi kowa ba. Na karanta ta a tsaye a bakin kwata, na rasa inda zan sa fuskata.

Ni ma an taɓa koro ni, shi ya sa. A ƙarshen shekarun 1970 na tafi Kano neman karatu da abin kai, na yi shekara biyar, sai gwamnatin Shagari ta yi nata korar a farkon 1983, muka dawo kamar an zazzage buhu, muka tarar da yunwa da gobarar daji suna jiranmu a gida. Ban dawo da kuɗi ba. Abu ɗaya na dawo da shi, Hausar Kano, kuma na riƙe ta kamar takardar digiri. Na zama malamin makaranta, na zama mutumin da in ka ce "matata ya tafi kasuwa" zai tsayar da kai ya tambaye ka ko namiji ka aura.

Wanda bai zauna a zangon Gana ba sai na yi masa bayani. Hausar da ake yi a Nima da Sabon Zango da Madina ba ta Hausawa ba ce su kaɗai. Ita ce harshen da Mosi da Dagomba da Kotokoli da Zabarma da Wangara da Fulani suke haɗuwa a kai, kowa ya zo da nasa bakin. A hanya ta zubar da wasu kaya. Mafi yawa ba sa raba "ya" da "ta", ƙ takan koma k, ga kalmomin Tuwi da na Ga da na Turanci sun shigo sun zauna. Gananci ake ce mata, wasu da ƙauna, wasu da dariya. Da ita dattijon nan yake rubutu, don da ita yake mafarki.

Shekara goma sha huɗu ina karanta shi. Ina tara takardun a wani akwatin ƙarfe, ina karanta wa matata da dare, ina satar maganganunsa in faɗa a gaban ɗalibai kamar nawa. Daga gidanmu zuwa shagonsa bai kai tafiyar rabin awa da ƙafa ba. Na sha wucewa ta gabansa, in gan shi a bayan keke, tabarau ɗaure da zare, allura a baki. Ban taɓa tsayawa na ce ni ne wanda ba ya bari ta wuce shi ba. Kullum cewa nake wata rana, in na sami abin kirki da zan riƙa masa. Kuma, gaskiya, akwai girman kai a ciki: malami ne ni, shi tela.

A Yulin 2007 aka canza kuɗi, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. Ya yi takarda a kan wata mai koko da ta kwana tana kuka, don ta ƙirga cinikin yini ta ga 'yan tsabobi a tafin hannu, ta ɗauka arzikinta aka kwashe. Takarda ce mai daɗi, na yi dariya har da hawaye. Amma daga sama har ƙasa "ya" yake ce wa matar. Ban san abin da ya hau kaina ba a daren. Na ɗauko jan biron da nake duba aikin yara da shi, na bi layi layi, na yi wa kowane "ya" da'ira, na ƙirga ashirin da uku, na rubuta adadin a ƙasa kamar maki. Na ƙara da wasiƙa shafi biyu. Na ce mai rubutu amana ce a hannunsa, yara suna koyi da shi. Na kawo Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a 1934, na ce ga wanda ya yi waƙa a kan talauci da zuwan Nasara a ƙasar nan da Hausa tsantsa, har yau takardunsa suna ajiye a jami'ar Legon. Na sa hannu da "Mai kishin harshe". Ban sa ko kalma ɗaya ba a kan mabuɗin nan, ko shekara goma sha huɗun. Na ba wani yaro ya kai.

To a nan ne nake tsayawa in yi wa kaina shari'a, kuma ba kullum nake faɗuwa ba. Ƙarya na yi? Ban yi ba. "Ya" ba "ta" ba ce. In kowa ya rubuta yadda ya ga dama, yaronmu zai ɗauki littafin da aka buga a Zariya ya kasa karantawa, mu yanke daga sauran Hausawa. Har gobe ina kan wannan. Kuma ba zagi na yi ba, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Da wani marubucin ne, da ya yi dariya ya nannaɗe ƙosai da wasiƙar.

Shi bai yi haka ba. Juma'ar da ta biyo, a saman takardar ya rubuta godiya ga wani malami da ya tunatar da shi, ya ce shi bai yi makarantar boko mai zurfi ba, zai gyara. Kuma ya gyara. Wannan ne abin da ba na iya haɗiyewa. Da ya zage ni da na huta. Takardun da suka biyo baya kowace "ta" tana wurinta, amma kana karantawa kana jin mutum yana tafiya a kan ƙaya. Jimlolin suka gajarce. Matan lungu da suka cika takardarsa da surutu suka ragu, ina jin don kowace mace ta zame masa tarko. Ya koma rubuta nasiha irin wadda kowa zai iya rubutawa. Mai shayi ya ce mini, ba tare da ya san da wa yake magana ba, "Tsohon nan kwanan nan kamar ba shi ba." Kafin shekara ta zagayo takardar ta daina fitowa.

Ko ni ne? Wasu sun ce idonsa ne ya yi rauni. Wasu sun ce kuɗin fotokwafi ne. Waya ma ta fara shigowa hannun kowa a lokacin. Nakan jera waɗannan dalilan in ji sanyi na kwana biyu, sai in tuna godiyar nan da ke saman takardar. Ya yi shekara huɗu a raye bayan haka. Shekara huɗu ina canza hanya don kada in bi ta gaban shagon. Na je jana'izarsa, na tsaya a sahun baya, na je addu'ar arba'in na ci shinkafarsu, ban ce wa 'ya'yansa komai ba. Akwatin ƙarfen kuma ruwan 3 ga Yunin 2015 ne ya shiga ɗakin da yake, daren da gidan man da ke shataletalen Circle a Accra ya kama da wuta mutane fiye da ɗari suka mutu. A irin wannan dare wa zai yi kukan takarda? Da safe na buɗe na tarar da dunƙulen tuwo. Yanzu abin da ya rage na rubutun mutumin nan shi ne abin da ke kaina, kan wanda ya ƙirga masa kuskure ashirin da uku.

Daren Asabar ɗin na kwanta ina tsara wa samari shawarwari, har bakwai na lissafa. Da gari ya waye na ga yawancinsu surutu ne.

In akwai wanda kake karantawa, yana sa ka dariya ko kuka, ka gaya masa yau, kuma ka faɗi wanne ne. Ba wannan ɗan yatsan da kuke dannawa ku wuce ba, wanda kuke danna wa hoton takalmi da sanarwar mutuwa duk iri ɗaya. Ka ce, rubutunki na ranar kaza, wurin da kika ce kaza, ya tuna mini da wane. Mai rubutu ba ya jin shirunka. Kai kana ganin kun saba, shekara uku kuna tare, shi kuwa bai san an haife ka ba. Ranar da ka buɗe baki ita ce ranar haɗuwarku ta farko, kuma abin da ka faɗa shi ne kai.

Kada ka gyara wa wanda ba ka taɓa gode wa ba. Ba ka biya kuɗin shiga ba.

Amma kuma kada ku mayar da wannan lasisin fadanci, don na san ku. Ku ne za ku cika mutum da "gwani, gwani" ba ku karanta rabin abin da ya rubuta ba, gobe wani ya fito ku koma can. Kuskure kuskure ne, 2005 ba 2004 ba ce, kuma marubucin da ba a gyara masa lalacewa yake yi. A gyara. Ko kuwa a bari, ban sani ba. Matar nan ubanta take tunawa, ba kalanda ba. Ni dai da za a mayar da ni daren nan, da na bar ashirin da ukun nan a inda suke, na je na kai masa yadi ya ɗinka mini riga, in zauna a benci muna hira har ya gama.

Har na so in ce ku riƙa zuwa kuna ganinsu ido da ido, sai na tuna ku ba ku iya gaisuwa ba. Za ku je ku tsaya wa mutum a ka da waya kuna neman hoto.

Da magariba na mayar wa yaron wayarsa, bayan na ba shi labarin nan duka, abin da ko uwarsa ban taɓa gaya wa ba. Ya saurara, ban ƙwace masa wannan ba. Da na gama ya ce, "To Kawu, in fara gode mata, sai in kawo maganar shekarar a ƙasa?" Na ce ya gode mata yau, shekarar ya bari sai bayan wata guda in har tana damunsa. Ya ce wata guda ya yi yawa, kafin nan wani ya riga shi. Aka kira salla, na tashi neman buta, na bar shi yana dannawa.