Abin da aka gani daban, fassararsa daban

Duk malamin kimiyya ya san tambayar da ke zuwa lokacin da ɗalibai suka fara tattara littattafansu. Wani zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to wannan fa, me kimiyya ta ce a kai?" Sai ya kawo labarin wani haske da aka gani a sama, ko mafarkin da ya tabbata. Shekarun da na yi ina amsa irin waɗannan tambayoyi sun koya mini in fara da raba labarin gida biyu: abin da mutum ya gani ko ya ji, da fassarar da ya ɗora a kai. A haɗe suke zuwa, shi kansa mai labarin bai san biyu ba ne.

Dannau ne ya fi nuna mini amfanin haka. Wata ɗaliba ta taɓa kwatanta mini nata, muryarta na rawa. Ta farka idonta biyu, tana ganin ƙofar ɗaki, amma ko yatsa ta kasa motsawa, ga nauyi a ƙirji, ga wani abu tsaye a gefen gado. Ba ƙarya take yi ba. A zangon barcin da aka fi yin mafarki, ƙwaƙwalwa kan hana tsokokin jiki motsi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa, sai ragowar mafarkin ya biyo mutum cikin ɗakin. Abin yakan ɗauki daƙiƙu zuwa 'yan mintuna, kuma ya fi samun wanda barcinsa ya rikice ko ya kwanta rigingine. Da na ce mata camfi ne kawai, da ta yi shiru ta tafi da tsoronta. Sha'anin gaibu kuwa, nakan gaya musu ba abu ba ne da ma'aunin ɗakin gwaji ke aunawa, don haka ba na yanke hukunci a kansa da sunan kimiyya.

Raina shaidar mutane ya taɓa ba masana kunya. An daɗe manoma a Turai suna cewa duwatsu na faɗowa daga sama, malamai da dama suna musu kallon masu camfi. A 1803 duwatsu kusan 3,000 suka zubo kusa da garin L'Aigle a Faransa, aka tura masanin kimiyya Jean-Baptiste Biot ya bincika. Ya bi ƙauye-ƙauye yana tambayar shaidu, ya gwada duwatsun da na yankin ya ga ba jinsi ɗaya ba ne. Ashe gaskiya manoman ke faɗa.

Amma labarin dokin nan Hans na Berlin ya fi zama a raina. Ana yi masa tambayar lissafi, ya buga kofato daidai adadin amsar, jama'a na kallo. A 1907 masanin halayyar ɗan Adam Oskar Pfungst ya nuna cewa idan mai tambayar bai san amsar ba, ko dokin ba ya ganinsa, sai ya kasa. Motsin kai kaɗan da mutum ke yi ba da saninsa ba idan an kai ga amsar, shi dokin ke karantawa. Abin da idanu suka gani gaskiya ne, fassarar ce ta kauce.

Akwai kuma waɗanda suka rage a buɗe. Sojin saman Amurka sun tattara rahoto 12,618 na abubuwan da aka gani a sama kafin su rufe shirin bincikensu mai suna Blue Book a 1969, guda 701 aka bar su a matsayin "ba a gano ba". Ɗalibai kan so in ce baƙi ne daga wata duniya, ko in ce duk shirme ne. Ba na faɗin ko ɗaya. Wahalar ita ce abin da ya faru sau ɗaya ba ya dawowa a sake auna shi.

Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo mini labari nakan ba shi takarda ya rubuta ƙarfe nawa ne, ta wace kusurwa, ya ɗauki tsawon wane lokaci, wa kuma ya gani. Idan su biyu ne, kowa ya rubuta nasa kafin su yi magana da juna, don da zarar sun tattauna labarin ya zama ɗaya.