Mun dawo, ga godiyarmu

Salam jama'a. Tun daren Asabar nake son rubuta wannan amma murya ta dishe, jiki kuma kamar an daka ni a turmi, sai yau na samu na zauna. Albam ɗinmu na kiɗan rok ya fita, mun kunna shi gaban mutane a Ikeja, shekara 11 bayan mun rataye jita kowa ya kama neman abinci. Alhamdulillah.

Kafin kowa sai Mama, mahaifiyar marigayi mai kibod ɗinmu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Kowa a Agege ya san Mama ba ta taɓa son kiɗan nan ba, sau nawa ta kore mu daga zaure da tsintsiya, amma ita ce ta ajiye tsohuwar kwamfutarsa cikin jakar Ghana must go a ƙarƙashin gado duk shekarun nan ba ta bari an sayar ba. Ranar da na je gaishe ta da sallah ta jawo jakar ta ce ungo, kayan hayaniyarku ne. Mama, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, in ba don ke ba babu albam.

Kwamfutar ta mutu murus. Yaron nan ɗan Ibo na Computer Village da ya kwana huɗu a kanta har ya zaƙulo abin da ke ciki, Allah ya yi wa kasuwarka albarka. Ashe marigayi ya bar kiɗa gutsure-gutsure, wani minti biyu wani minti tara, ga ƙarar janareton maƙwabta a baya. Da na ji sai na tuna Pink Floyd, ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila, su ma mai kibod ɗinsu Richard Wright ya rasu a 2008, suka koma kan abin da suka ɗauka tare da shi a 1993 suka fitar da The Endless River a 2014. Bambancin kawai su suna da situdiyo cikin jirgin ruwa a kogin Thames, mu kuwa ɗaki ɗaya ne a Idi-Araba da katifu jingine a bango.

Wahalar da ba wanda ya gani ita ce wannan. Marigayi bai ɗauki kiɗan da na'urar ƙidayar bugu ba, inda daɗi ya ɗebe shi sai ya ƙara gudu, inda ya nutsu ya ja baya. Injiniyanmu ya ce zai iya miƙar da shi a kwamfuta, muka gwada, wlh sai ya zama kamar ba shi ba. Muka ce a bar shi yadda yake mu ne za mu bi shi. Ni da nake kan ganga, ni da kullum nake masa faɗa yana gudu, sai ga ni wata uku ina haddace gudun nasa, na san daidai inda zai yi sauri kamar yana zaune a gefena. Injiniya, ka yi haƙuri da mu, na san mun ci maka rai kuma har yau da ragowar kuɗinka, ban manta ba.

Sai Baba mai kalangu. Masu bin kiɗan prog, wato rok mai dogayen waƙoƙi da sauye-sauyen bugu, sun san ba a cika tsayawa kan bugu huɗu-huɗu ba, waƙarmu ta uku bugu bakwai ce, kuma minti 14 take. Baba ya saurara ya ce ɗana wannan kiɗan naku ɗingishi yake. Na yi ta ƙirga masa biyu, biyu, uku, ya ce shi ba lissafi ya zo yi ba, kalangu magana yake. Ya yi shiru can sai ya matse tsarkiya ya buga: tafi, dawo, ka zauna. Ku ƙirga gaɓoɓin ku gani, bakwai cif! Abin da na yi mako ina bayani ya gama shi kafin shayi ya huce. Daren Asabar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar waƙar shi ya riƙe mutane da kalangu har aka tada janareto, ba wanda ya tashi.

Wani a gidan rediyo ya ce mu yanke ta ta dawo minti uku. Mun gode da shawara, ba za mu yanke ba.

Dattijon nan Bayarabe na Alaba da ya gyara mana amfilifaya, shi ya ba mu amsar masu cewa me ya haɗa Bahaushe da rok. Ya ce a garin nan 'yan makarantar St Gregory's ta Obalende suka kafa ƙungiyar rok ta Ofege, Ginger Baker, mai gangar rok ɗan Ingila, ya buɗe situdiyo a Ikeja, Paul McCartney, mawaƙin ƙungiyar Beatles, ma ya zo Legas a 1973 ya ɗauki albam. To me zai hana ɗan Agege? E se, Baba.

Yayyenmu na Mile 12 da suka yi mana karo-karon kuɗin mai, tun da aka cire tallafi a 2023 kun san yadda janareto ke shan jini, Allah ya mayar muku da ninki. Maƙwabtan Idi-Araba da suka jure ganga bayan isha'i, ku yafe mu. Uwargida, ke kam sai na zo gida.

A ƙarshen waƙa ta biyar akwai inda marigayi ya yi kuskure ya fashe da dariya, mun bar ta. Mama ba ta zo wurin taro ba, dama ba mu sa rai ba, jiya na kai mata a waya. Ta ce in maido mata wajen dariyar, na maido sau uku, sannan ta ce to kashe haka, lokacin la'asar ya yi.

Wanda ya manta hula zanna bukar a kan sipika, tana wajena.