Kafin Ka Ce Lamba Ba Ta Rabuwa

Ƙannena masu son lissafi, ku dubi wannan lamba: 4,294,967,297. Mara ce, don haka 2 ba ta raba ta. Idan ka tara alƙalumanta za ka samu 59, ka ga 3 ma ta fita. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. A lokacin da nake ɗalibi na gwada ta da 7, da 11, da 13, na yi ta tafiya har 97, kowacce sai ta bar saura. Nan take na rubuta cewa gagara-rabo ce, wato irin lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. Gajiya ce ta yanke hukuncin, ba hujja ba.

Ba ni na fara faɗawa ramin ba. Masanin Faransa Fermat ya lura da jerin 3, 5, 17, 257, 65,537, waɗanda ake samu idan an jera 2 sau 1, 2, 4, 8 ko 16, aka ninka, aka ƙara ɗaya. Duka biyar ɗin gagara-rabo ne, sai ya zaci haka jerin zai ci gaba. Ta shida ita ce lambarmu, kuma a 1732 masanin lissafi Euler ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ce.

Ga abin da na so a ce an faɗa mini tun da wuri: kafin ka fara gwaji, ka san inda za ka tsaya. Idan lamba tana rabuwa, dole ɗaya daga masu raba ta kada ta wuce tushenta, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita. A nan tushen bai kai 65,537 ba, kuma gagara-rabo 6,542 ne a ƙasa da shi. Ni 25 kawai na taɓa. 641 ita ce ta 116, tana nan kusa, amma ban isa ba.

Hanyar Euler ta fi wannan wahalar armashi. Ya gano cewa duk mai raba wannan lamba sai ta kasance ninkin 64 da ɗaya a kai. Idan ka tace, gagara-rabon da suka rage su ne 193, 257, 449, 577, sannan 641. Gwaji na biyar, magana ta ƙare. Awa guda ta nazarin yadda aka gina lamba ta fi yini ana danna kalkuleta.

Kuma ku bar ɗora wa lamba laƙabi kafin ku san masu raba ta, domin sauran rabe-raben daga can suke fitowa. Tamu huɗu gare ta: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Ukun farko sun taru 6,701,059, ƙasa da ita nesa, shi ya sa ake sa ta cikin gajiyayyun lambobi, waɗanda jimillar masu raba su (ban da su kansu) ba ta kai su ba, ba cikakku irin 6 da 28 ba, waɗanda jimillar ke yin daidai da su.