Maƙalun da ake janyewa

Makon jiya a nan Birnin Kebbi, ina duba kundin wata ɗalibata kan cututtukan shinkafa, sai na ga jan hatimin janyewa a kan ɗaya daga cikin maƙalun bincike da ta dogara da su, wato mujallar da ta wallafa maƙalar ta soke ta saboda ba za a iya dogara da ita ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yarinyar ba ta da laifi, ba ta ma san da rumbun Retraction Watch ba, inda ake tattara irin waɗannan maƙalu.

A shekarar 2023 kaɗai an janye maƙalu fiye da 10,000 a duniya, akasarinsu daga kamfanin wallafa mujallun bincike na Hindawi. Nazarin mujallar Nature ya nuna cewa, cikin ƙasashe masu yawan bincike, Saudiyya da Pakistan da Rasha da Sin ne kan gaba wajen yawan maƙalun da aka janye idan aka auna da adadin abin da suke wallafawa. A ganina, duk inda aka ɗaure ƙarin girma da yawan wallafa, kamar yadda yake a jami'o'inmu, masu sayar da maƙalun bogi za su samu ciniki. Ƙarancin janyewa a wata ƙasa kuwa ba shaidar tsabta ba ce, domin ƙananan mujallu da yawa babu mai bin diddiginsu.