Tarihin Rayuwata, Kashi na 5: Ranar da Baba Ya Miƙa Mini Tiyo

A makon jiya na tsaya a inda aka jawo jar motar nan ƙirar MGB cikin gidanmu da igiya, tayoyi biyu a sace, rufin tantinta a yayyage. Mama ta leƙo ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Malam, wannan kuwa za ta tashi?" Baba bai amsa ba. Bonet ɗin kawai yake shafawa da tafin hannunsa.

Son irin motocin nan gado ne a gidanmu. Kakana yana da hoton Jaguar E-Type da ya yanko daga wata mujalla, motar nan mai dogon hanci da silinda shida da aka fara nunawa a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan a 1961. Har ya koma ga Allah bai taɓa riƙe sitiyarinta ba. Baba ya gaji hoton, ya gaji ƙishirwar, amma da hali ya samu MGB ce hannunsa ya kai gare ta, kuma ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba. Yakan ce motar da aka ƙera fiye da rabin miliyan, daga 1962 har aka rufe masana'antarta ta Abingdon a Ingila a 1980, ba za ta rasa kayan gyara ba. Tamu ƙirar 1966 ce, mai bamba ta ƙarfe mai ƙyalli. Waɗanda aka fara sa wa baƙar bamba ta roba a 1974 saboda dokokin Amurka kuwa, ko kallo ba su ishe shi ba.

Watannin farko duk a kan tsatsa suka ƙare. Motar ba ta da shasi daban, jikinta ne ƙashin bayanta, don haka in ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi ya ruɓe to ƙarfinta ya tafi. Aka yanke, aka yi walda. Ni aikina riƙe fitila da miƙa sifana. Gargaɗi ɗaya Baba ya yi ta nanata mini: batir biyu ne masu bolt shida-shida a bayan kujeru, kuma a irin wannan tsohuwar ƙirar wayar fositif ce ke haɗe da jikin mota, saɓanin motocin yanzu. "Ka juya su, ka ƙona mana aiki."

Ranar da injin ya tashi ina ɗan shekara goma sha uku. Ya tashi dai, amma yana rawa yana tari, salansa na tofar da baƙin hayaƙi. Baba ya bar shi ya yi zafi, ya cire matatun iska, sai ga bakin kafireto guda biyu ƙirar SU a jere. Kowace tana ciyar da silinda biyu, in ɗaya ta fi 'yar uwarta zuƙar iska injin ba zai taɓa zama lafiya ba. Ya sassauta ƙarfen da ya haɗa su, ya ɗauko guntun tiyo na roba, ya miƙo mini.

"Sa gefe ɗaya a kunnenka, ɗayan a bakin ta gaba. Me ka ji?"

"Huci, Baba."

"To koma ta baya. Wacce ta fi?"

Da farko duk ɗaya na ji su. Ya ce in rufe ido. Da na rufe sai ƙarar ta rabu: ta gaba tana huci siriri mai kaifi, ta baya nata a dushe. Na faɗa masa. Ya murɗa sukurun silo kaɗan, bai kai kwata ba, ya ce in sake. Mun fi sau goma muna haka, har hucin biyu ya zama murya ɗaya. Daga nan ya nuna mini ɗan tsinken da ke ɗaga fistin ɗin kafireto. In ka ɗaga kaɗan injin ya hau ya tsaya a sama, mai ya yi yawa; in ya nemi mutuwa, mai ya yi kaɗan; in ya ɗan hau ya dawo, ka dace. Ya kwance hular kowace ya ɗiga mata man inji. Rawar ta tsaya cak. Sai wata ƙara mai kauri, a natse, wadda har yau in na ji irinta a titi sai na waiwaya.

Na daɗe ina ɗauka koyarwa ce kawai. Sai bayan shekaru Mama ta gaya mini cewa tun kafin zuwan motar kunnen Baba ya fara nauyi, siririn sauti ya daina isa gare shi. Ashe hucin nan da ya fi kowa sanin ma'anarsa, shi ba ya jin sa. Bai kai ta wurin bakanike ba, bai sayi na'urar awo ba, ya ari kunnen ɗansa bai ce komai ba. Da na ji haka na shiga gareji na zauna a kujerar direba na yi kuka mai isata.

Tiyon yana nan a akwatin sifanonina, ya bushe ya tsattsage. 'Yata ta biyu ce ke riƙe sabon tiyo yanzu, kuma ta fi ni saurin rarrabewa.

A yammacin ranar da injin ya tashi Baba ya naɗe rufin, ya ce in shiga. Mun yi nisa kaɗan allurar zafin inji ta fara hawa, tururi ya turnuƙo daga lagireto. Abin da ya faru a gefen hanyar nan, da yadda Yaya ya shigo cikin labarin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.