Kafin a Busa Usur: Abin da Gudun Fanfalakin Wasu Birane Ya Koya Mana a Birnin Kebbi

Duk lokacin da aka zauna maganar kafa gudun yada ƙanin wani a Birnin Kebbi, abin da ake fara tambaya shi ne nawa za a ba wanda ya zo na ɗaya. Masu aikin shirya tsere sun san ba nan gizo ke saƙar ba. Gasar birnin Boston ta Amurka tun 1897 ake yin ta, kuma ta shafe shekaru kusan 90 ba ta ba kowa kuɗi ba, sai a 1986 aka fara. Abin da ya riƙe ta shi ne sananniyar rana a watan Afrilu da sananniyar hanya. Ta Legas ma, wadda aka fara a 2016, an san ta da watan Fabrairu, har 'yan tseren Kenya da Habasha suna tsara atisayensu da ita.

To a nan, wace rana? Maris da Afrilu ba su cikin lissafi, zafi yakan haura digiri 40. Damina kuma ga gumi ga ruwa kwance kan titi. Abin da ya rage shi ne ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, shi ma da ƙurar hunturu mai shaƙe ƙirji. Akwai kuma abin da Boston ba ta taɓa lissafawa ba: azumi yana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma a 2030 zai faɗo cikin Janairu, daga nan ya gangara Disamba. Don haka tun a takardar kafa gasa ake rubuta yadda za a matsar da rana idan ta haɗu da Ramadan. A guji Juma'a, a guji ranar kasuwar kowane gari da hanya ta ratsa. A tashi da zarar an idar da sallar asuba, domin mai matsakaicin gudu yana cin awa huɗu zuwa biyar, kuma daga ƙarfe 11 kwalta ta fara gasa ƙafa.

Tsawon hanya kilomita 42.195 ne. Wannan awo ya samo asali daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka mayar da shi doka a 1921. Kuskuren da aka fi yi shi ne a hau mota a duba mita, ko a dogara da taswirar waya. Ba a karɓar ko ɗaya. Da keke ake awo, a ɗaura masa ɗan ma'auni mai ƙirga juyin tayar gaba. Kafin a fara, a auna miƙaƙƙen titi na aƙalla mita 300 da tef na ƙarfe, a bi shi da keken sau huɗu a ga juyi nawa ke ba da kilomita ɗaya. Bayan an gama a sake gwadawa, saboda iskar taya tana kumbura idan rana ta ɗaga, lissafi ya canza. Mai awo yana bin gajeriyar hanyar da ɗan tsere zai iya bi, yana yanke kowace kwana, sannan a ƙara mita ɗaya kan kowace kilomita, wato mita 42 gaba ɗaya. Hanyar da ta gaza ko da kaɗan ne, duk tarihin gudu da aka kafa a kanta ya tashi a banza.

Ruwa shi ne wurin da gasa ke mutuwa. A 1904, a birnin St. Louis na Amurka, an yi tseren Olamfik cikin ƙura da zafi, ruwa ƙalilan, mutum 14 kacal suka kai ƙarshe cikin 32. A 2007 sai da aka dakatar da gasar Chicago ana tsakiyar gudu saboda zafi. Ƙa'ida ita ce teburin ruwa kusan kowace kilomita 5, ga namu yanayi kuwa gara a ƙara na jiƙa jiki a tsakani. Lissafin bai da wuya: mutum 500, tebur 8, leda biyu ta fiya wota ga kowa a kowane tebur, leda 8,000 ke nan, jaka 400. Sai dai teburan baya su ne ke ƙarewa, domin 'yan kallo da yara sun riga sun kwashe kafin na baya su iso, alhali su ne suka fi daɗewa cikin rana. Kowane tebur yana son mai tsaro da mai shara, ledar da aka yar kan kwalta santsi gare ta. Kuma kada a tilasta wa kowa sha fiye da ƙishinsa. Yawan ruwa ba gishiri yana sa gishirin jini ya faɗi, mutum ya rikice, ya kumbura. Daga kilomita 20 a ajiye ruwan gishiri da sukari.

Wanda ya faɗi jikinsa kamar garwashi, yana sambatu, ba mota ake fara nema ba. A tsoma shi cikin baho mai ruwan ƙanƙara har wuya, ana riƙe da kansa, sai zafin jiki ya sauka sannan a wuce asibiti. Ƙanƙarar nan a saye ta tun daren jiya, a rufe da buhu da dusar katako.

Sai maguɗi, wanda ya girmi kowa a harkar. A wancan tsere na 1904 wanda ya fara isa ƙarshe, mota ya hau a wani ɓangare na hanya. Namu kabu-kabu ne. Idan babu kuɗin na'urar da ake liƙawa a lambar ƙirji mai nuna lokacin da ɗan tsere ya wuce kowane wuri, a sa mutum biyu a kowace mahaɗa da wurin juyawa, ɗaya yana kiran lamba, ɗaya yana rubutawa da lokaci, a kuma saka wa kowa zare a hannu, kowane wuri da launinsa daban. Ba a kiran sunan wanda ya yi nasara a filin wasa na Haliru Abdu sai takardun duk mahaɗun sun iso an gwama su.